Na gwada manhajojin da ke zaɓa wa mutum littafi: jigo suka sani, a salo kam da sauran rina a kaba

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'abota karatu. Yau kusan wata huɗu kenan ina ta fama da shafukan nan da manhajojin da ake cewa suna zaɓa wa mutum littafin da zai karanta, ƙawayena biyu sun dame ni da tambaya wai wanne ya fi, ni kuma na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, shi ne na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya amfana.

Abin da ya kai ni tun farko shi ne wani littafin Turanci da na gama a hutun makaranta. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, wata tsohuwa ce da 'yarta da gidan gado, shi kenan. Amma yadda matar ta rubuta shi wallahi sai da na yi sati biyu ban iya buɗe wani littafi ba, duk wanda na ɗauka sai in ji kamar miya ba gishiri. Jimlolinta gajeru ne, ba ta gaya maka wance ta ji baƙin ciki, sai dai ta nuna maka tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Irin wannan alƙalamin nake nema. Ban damu ba ko labarin na yaƙi ne ko na kasuwa ko na aure, ni dai a rubuta min shi haka.

Kuma ni na san ana iya yi wa mutum wannan zaɓin, domin an taɓa yi min. Lokacin muna sakandare akwai wani dattijo mai shagon hayar littattafan Hausa a unguwarmu, in ka mayar da littafi sai ya tambaye ka ya ka ji shi. Ranar da na mayar masa da wani na ce Baba wannan ya yi daɗi a ba ni irinsa, sai ya ce min “'yata, labarin ne ya yi miki ko bakin mai ba da shi?” Na ce Baba ban gane ba. Ya ce in labarin kishiya kike so ga su nan cike da kanta, in kuma yadda take zuba magana ne ya kama ki to mutum biyu ne kawai a shagon nan masu irin wannan bakin, ya miƙo min ɗaya. Ko kusa labarin bai yi kama da na farkon ba amma na kwana ina karanta shi da fitilar ƙwai. Abin da malaman Hausa suka koya mana daga baya kenan a aji, jigo daban salo daban. To da wannan ma'aunin na auna duk manhajojin nan, tambayar Baba nake musu.

Na fara da Goodreads tunda shi kowa ya sani. An buɗe shi a farkon 2007, Otis Chandler da matarsa Elizabeth suka kafa shi, Amazon ta saye shi a 2013. Tun 2011 suka sa tsarin ba da shawara, ka ba littattafai kamar 20 taurari, daga ɗaya zuwa biyar, shi kuma ya fara jero maka waɗanda yake ganin za su yi maka. Wajen yawan littattafai da yawan sharhin masu karatu babu na biyunsa gaskiya, in kana son ka ji me mutane dubu suka ce a kan littafi kafin ka kashe kuɗinka can za ka. Sai dai a fahimci yadda yake aiki: ba ya karanta littafin. Mutane yake kallo. Yana ganin waɗanda suka so wannan sun kuma so wancan, da irin kantar da suka jera shi a ciki, sai ya ce kai ma ga shi. Wannan hanyar tana kama jigo da nau'in littafi sosai, ka so labarin bincike ya ba ka labarin bincike, amma ba ta da idon da za ta bambance mai gajerun jimloli da mai jimla ɗaya shafi guda, tunda duk a kanta ɗaya mutane suka ajiye su. Kuma littafin da ya riga ya yi suna shi ke ƙara fitowa domin shi ya fi yawan masu ba shi tauraro. Ni yanzu rumbun ajiya na mayar da shi da wurin karanta sharhi.

Literature-Map kuma abin sha'awa ne a ido. Wani Bajamushe Marek Gibney ya yi shi, ba rajista ba imel ba komai, kuma baya cin data. Ka rubuta sunan marubuci sai sunayen wasu su watsu a kan allo suna ɗan motsi, wanda ya fi kusa da na tsakiya shi ne aka fi zaton za ka so. Mutane da yawa suna ɗauka taswirar salo ce, a'a, shi ma daga bakin masu karatu yake koyo, akwai ɗan uwansa Gnooks inda ake tambayarka marubuta uku da ka fi so, daga irin waɗannan amsoshin ake gina kusancin. Amma saboda marubuci yake haɗawa da marubuci ba littafi da littafi ba, yana ɗan kusantar abin da nake nema, don wanda ya ce yana son marubuci sau da yawa alƙalaminsa yake nufi. Minti biyar ya ishe ka ka fito da sunaye uku da baka taɓa ji ba. Daga nan kuma aikin ya koma kanka, ba zai gaya maka dalili ba ko wane littafinsu za ka fara da shi.

Inda na fi daɗewa shi ne The StoryGraph, kuma shi ne har yau yake wayata. Wata injiniyar kwamfuta ce a Landan ta kafa shi, Nadia Odunayo, sunan ma kuna ji kun san na Yarabawa ne. Ta fara gwajinsa a 2019, aka buɗe shi sosai a farkon 2021, kuma ba na Amazon ba ne, wanda hakan ma ya ja masa mutane da yawa. In kana da akawun a Goodreads kana iya kwaso duk tarihin karatunka ka zuba a ciki, ba sai ka fara daga farko ba.

Abin da ya bambanta shi, in ka gama littafi ba taurari kawai yake tambayarka ba. Zai ce wane yanayi littafin ya sa ka, na baƙin ciki ne, na ban dariya, na fargaba, na sa tunani, na sa rai, mai duhu ne ko mai sauƙi a zuciya. Zai tambaye ka tafiyarsa, da sauri yake gudu ko matsakaici ko a hankali. Zai ce abubuwan da ke faruwa ne ke jan labarin ko halayen taurarin. Har ya tambaye ka ko taurarin masu shiga rai ne, ko aibinsu ne aka fi mayar da hankali a kai. Duk waɗannan amsoshin na dubban mutane ake tarawa, sai ka buɗe shafin littafi ka ga kaso nawa suka ce mai tafiyar hawainiya ne kaso nawa suka ce a'a. To kun ga nan an fara shiga unguwar salo. Da na je wajen bincike na zaɓi mai sa tunani, mai taɓa zuciya, tafiya a hankali, shafi ƙasa da 300, abin da ya fito min ya fi kusa da abin da raina ke so fiye da duk inda na je a baya, cikin biyar na farko na karanta biyu kuma ɗaya ya zauna min sosai.

Wani abu kuma da na yaba, kuma na san iyaye da malamai za su yaba, shi ne gargaɗin abin da ke ciki. Masu karatu da kansu suke rubutawa ko akwai batsa ko zubar da jini ko cin zarafi, kuma a nuna ko an zurfafa ne ko an ɗan taɓa an wuce. Ni da nake zaɓa wa ɗalibai da ƙannena littafi wannan ya sauƙaƙa min aiki ba kaɗan ba. Ana iya ba da rabin tauraro har da kwata. Akwai na biyan kuɗi da dala duk wata amma ni na kyauta ya ishe ni.

Amma fa a nan ma zan faɗi gaskiya. Yanayi da saurin tafiya ba su ne salo duka ba. Littafi biyu za su iya zama masu sa tunani, masu tafiya a hankali, ɗaya marubucinsa mai tsumulmular kalma ne ɗayan kuma sai ya siffanta maka labule da kujera da kalar sararin sama kafin kowa ya buɗe baki. A wajen StoryGraph 'yan gida ɗaya ne, a wajena kuwa ko maƙwabta ba su ba.

Whichbook shi ne wanda ban taɓa jin sunansa ba kafin nan kuma shi ya fi ba ni mamaki. Na Birtaniya ne, wani kamfani mai aiki da ɗakunan karatu mai suna Opening the Book ke da shi. Ba ya tambayarka wane littafi ka karanta ko wane marubuci kake so. Wasu ma'aunai ne guda 12 kamar abin ƙara murya na rediyo, kowanne da baki biyu, farin ciki zuwa baƙin ciki, raha zuwa da gaske, mai sauƙi zuwa mai wahalar da ƙwaƙwalwa, wanda aka saba zuwa baƙon tsari, gajere zuwa dogo, da sauransu, ka zaɓi har huɗu ka ja kowanne inda kake so. Sirrin kuma shi ne mutane ne suka zauna suka karanta kowane littafi suka auna shi, ba na'ura ba. Kuma ba su cika sa manyan littattafan da duniya ta riga ta sani ba, da gangan. Sannan abin da ya fi komai a wajena: kowane littafi akwai ɗan tsakure daga cikinsa. Ka karanta sakin layi ɗaya da idonka ka ji bakin marubucin. Wallahi wannan ɗan abin ya fi min duk wani lissafi, gani ya kori ji. Akwai kuma taswirar duniya, ka taɓa ƙasa ya nuna maka littattafan da labarinsu ya faru a can. Rauninsa littattafan ba su da yawa in ka gwada da sauran, kuma wanda ka zaɓa ɗin samunsa a nan gida wani aiki ne daban.

Akwai NoveList na kamfanin EBSCO wanda shi kam yana da rukuni mai suna salon rubutu kai tsaye, ma'aikatan laburare ne ke lakaba wa littafi cewa mai yawan hira ne, ko mai zaƙin harshe kamar waƙa, ko mai taƙaita magana. Shi ya fi dacewa da buƙatata a takarda. Sai dai ta laburaren da ya biya kuɗin rajista ake shiga, mutum ba ya buɗewa da kansa, don haka na wuce.

Da na ga duk waɗannan ko dai masu karatu suke kallo ko mutane ne ke yi musu aikin, sai na tambayi kaina to wai na'ura ba za ta iya karanta rubutun da kanta ta gane salo ba ne? Ashe tana iyawa, kuma an daɗe ana yi. A 2013 wani malamin jami'a a Amurka, Patrick Juola, ya yi amfani da manhajar kwamfuta ya gwada wani littafi da aka buga da sunan Robert Galbraith, sakamakon ya karkata ga J.K. Rowling, marubuciyar littattafan Harry Potter, kuma ta amsa cewa ita ce. Abin da ya ƙirga ba manyan kalmomi ba ne, tsawon kalmomi ne, da ƙananan kalmomin nan da ake maimaitawa ba a sani ba, da waɗanne kalmomi ke yawan bin juna. Kamar a ce a Hausa ka ƙirga sau nawa mutum ke cewa “sai” da “kuma” da “dai” da “tuni”. Marubuci zai iya canza suna ya canza jigo amma waɗannan ƙananan ba ya iya ɓoye su, kamar tafiyar mutum ce da ake gane shi ta baya.

Kuma an taɓa gina shafin zaɓen littafi a kan wannan tunanin. Sunansa BookLamp, wani Aaron Stanton ya kafa shi a garin Boise na jihar Idaho. Su cikakken rubutun littafin suke zuba wa kwamfuta ta auna yawan hira, yawan siffantawa, saurin tafiya, nauyin harshe, sannan ta haɗa littafi da mai kama da shi ko da ba wanda ya taɓa karanta su tare. Wato marubucin da ba a sani ba yana da dama daidai da shahararre. Wahalarsu ita ce sai masu ɗab'i sun yarda sun ba da rubutun. A 2014 Apple ta saye kamfanin aka rufe shafin. Abin ya tsaya min a rai sosai, don shi ne ainihin abin da na fito nema kuma na iso an tashi kasuwa.

Sai manhajojin hira na AI da kowa ke yayi yanzu. A nan sai a yi hattara. Na kwafi sakin layi biyu daga littafin nan da na so na ba wata daga cikinsu na ce ta bayyana min salon, gaskiya ta yi ƙoƙari, ta faɗi abubuwan da nake ji a raina ban iya furtawa ba, kuma kalmomin da ta ba ni su na je na yi bincike da su a wasu wuraren. Amma da na ce ta ba ni littattafan Hausa masu irin wannan salon sai ta jero min sunaye biyar da marubutansu cikin ƙarfin hali, har da ɗan bayanin kowanne. Na tura wa ƙanwata da ta fi ni bin littattafan Hausa, ta ce “Yaya ina kika samo waɗannan, ni dai biyu na sani kuma ɗayan ma ba wadda aka rubuta ce ta rubuta shi ba.” Na tambayi mai sayar da littattafai a kasuwa shi ma ya ce Hajiya sauran ukun bai taɓa jin su ba. Kuma ba mu kaɗai abin ke samu ba, a watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta fito da jerin littattafai 15 na karatun bazara, aka gano 10 daga ciki babu su a duniya, marubutan na gaske ne amma littattafan AI ce ta ƙirƙira. Don haka duk sunan da ta ba ka, je ka tabbatar akwai shi kafin ka tura wa wani.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Duk abin da na faɗa a sama na mai karanta Turanci ne. Mai karanta Hausa fa? Mu da muke da rubutu tuli, tun daga littattafan da suka cika kasuwannin Kano daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa na yanzu da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks, ga masu karanta su a rediyo da YouTube, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ke fito da sababbin marubuta mata tun 2016. Amma waɗannan manhajojin da bayanai suke rayuwa, lambar ISBN (lambar shaida da ake ba littafi bugagge), sunan kamfanin ɗab'i, taurarin masu karatu, su kuma littattafanmu da yawa ba su da lambar, wasu ma ba a taɓa buga su a takarda ba, sharhinmu kuma yana cikin guruf-guruf inda ba na'urar da ke gani, in waya ta lalace ya tafi. Ko shafin littattafai na OkadaBooks da marubutanmu da dama suka sa littattafansu an rufe shi a ƙarshen Nuwamban 2023. Ruwa ba ya tsami banza, abin da ba a shigar ba ba zai fito ba.

Kuma ko da an shigar, ma'aunansu ba namu ba ne. In da ni za a tambaya me za a auna a littafin Hausa, zan ce a auna yawan Ingausa, akwai wadda in ta ga Turanci a kowane layi ajiye littafin take, akwai kuma wadda in babu shi sai ta ce na tsofaffi ne. A auna karin magana, mai zuba ta daidai wurinta da mai cusa ta don a ce ya iya. A auna karin harshe, Kananci ne ko akwai ƙamshin Sakkwatanci ko Katsinanci a bakin taurarin. A auna siffanta kwalliya da mota da falo, tunda akwai marubuciyar da za ta ci shafi biyu a kan leshi da sarƙa kafin amarya ta fito. A auna ko marubucin yana tsayar da labari ya yi nasiha da bakinsa ko yana barin abin da ya faru ya yi magana. A auna ko hira ce ke ɗauke da labarin ko bayani. Waɗannan su ne abubuwan da muke faɗa wa juna kullum in ana cewa wance alƙalaminta daban ne, kuma ba abin da zai hana a mayar da su ma'aunai irin na Whichbook, mutum ashirin masu son karatu da gaske sun isa su fara. Muna da yara masu ilimin kwamfuta a Kano da Zariya da Kaduna da Maraɗi, muna da malaman adabi a jami'o'i, ina roƙon Allah ya haɗa su a kan wannan.

Yanzu dai ga yadda nake yi. In Turanci nake so, StoryGraph nake fara buɗewa in tace da yanayi da tafiya, in na samu suna sai in nemi tsakuren shafin farko in karanta da kaina, ko a Whichbook ko samfurin kyauta na Kindle, manhajar karatu ta Amazon, in bakin marubucin bai kama ni a shafi biyu ba na wuce ko taurari nawa aka ba shi. In Hausa ce kuwa ƙanwata nake kira. Sannan na fara wani ɗan aiki, StoryGraph yana bari mutum ya shigar da littafin da babu shi da hannunsa, to duk littafin Hausa bugagge da na gama sai in shigar da shi, suna da marubuci da yawan shafi, in cika yanayinsa da tafiyarsa, a wajen sharhi kuma in rubuta da Hausa yadda bakin mai shi yake. Zuwa jiya na shigar da guda tara, akwai wasu shida a kan durowa suna jira in samu wuta in yi caji.